Jan Layi Ƙarƙashin "Aka"

Asabar, 3 ga wata, bayan azahar

Bismillahi. Jiya aka ba su Lauya dogon hutu. Ta shigo gida tana tsalle kamar ba 'yar shekara sha bakwai ba, wai an ɗauke ta ajin tarihi na musamman, su tara kacal a duk makarantar. Alhamdu lillahi. Ita kaɗai Allah ya ba ni. Yayana ne ya laƙa mata Lauya tun tana 'yar mitsitsiya, don ba a ce mata zauna ta zauna sai ta ji dalili. A gidansa muke, ɗaki biyu na baya, tun kafin a haife ta.

Ta zo da takarda: littattafai shida, kowa ya zaɓi ɗaya ya karanta a hutu, ya rubuta shafi goma a kansa. Malamar tasu kuma ta sa sharaɗi. Duk inda marubuci ya ce "an" ko "aka", a ja layi da jan biro, a rubuta "wa?" a gefe. Shi ya sa ɗalibai suke kiranta Malama Wa.

"Umma, cewa ta yi kasuwa ba ta ƙone kanta. 'Aka ƙone kasuwa.' To wa ya zo da ashana?"

Yaya yana tsakar gida yana goge baƙin walda daga hannunsa, sai ya ce, "An shanye shayin da ke cikin fulas. Wa? Ni ne, ranki ya daɗe, a yi min sassauci, ina da iyali." Ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Na karɓi takardar na bi ta da yatsa, don bokona na girma ne, ba ni da sauri a cikinsa. Na cinikin teku. Na annoba. Na sarakunan da. Na yadda aka fara yin takarda. Na jirgin ƙasa. Na shida na garin nan ne, a kan shekarar gada.

Na ce mata na jirgin ƙasa zai yi daɗi.

Lahadi, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun je wurin mai littattafai na bayan gidan waya. Tsoho ne, tabaraunsa ɗaure da zare. Ya jero mata duka shidan a kan kanta, ta dinga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa kamar mai zaɓen turare. Na annoba ta ce hotunansa za su hana ta cin abinci. Na sarakuna ta ce da gani wanda ya rubuta shi a ƙofar fada yake wuni. Na jirgin ƙasa ta auna shi a hannu ta ce, "Wannan ai matashin kai ne."

Na shidan siriri ne, mai shuɗin bango. Ta buɗe tsakiya, ta ɗan karanta.

"Umma, shekarar da aka kashe Babana ce ko?"

Na ce ita ce.

Tsohon ya dube ni ta saman tabarau. Ya san ni, ya san Yaya. Ya ce mata, "'Yata, ɗauki na takarda mana, shi ba ruwansa da kowa." Ta ce, "Baba, ni mai ruwa da kowa nake nema." Sai ya naɗe mata shi a tsohuwar jarida ninki biyu, ya ce kada ta buɗe a mota.

A hanyar dawowa, wajen shataletale, aka tare wata bas ta tsallaken kogi. Aka jawo direban ta taga. Da katako ne, mai ƙusoshi. Na ji ƙarar kansa a kan kwalta kamar an saki tulu. Na sa tafina na rufe idon Lauya, ta cire hannun ta riƙe shi gam, ta ci gaba da kallo. Takalminsa ɗaya ya gangaro har gabanmu.

Allah ka sa abin ya tsaya nan.

Talata, 6 ga wata, bayan la'asar

Bai tsaya ba.

A ɗakin wankin asibiti, inda nake aiki, mu ne na ƙarshe da ake gaya wa labari, mu ne kuma na farko da muke sani. Ba ma buƙatar rediyo, amalanken ɗakin gaggawa ya ishe mu. A da sau biyu yake saukowa a yini. Yau sau bakwai. Injinan wanki uku ne, ɗaya ya mutu tun bara, don haka masu jini sai mun fara dirje su da hannu a bahon siminti kafin su shiga inji.

Uwar Guga, wadda ta girme mu duka a wurin, ta ɗaga wani zanen gado da yatsa biyu ta ce, "Wannan na adda ne. Na harsashi ba ya fallatsa haka. Ku zo in koya muku, 'yan makaranta, kyauta ne." Ba wanda ya yi dariya sai ita, ita ma ba ta ƙarasa ba.

Na tsinci haƙori a ninkin wani zane, da saiwarsa. Na wanke shi, na naɗe a auduga, na haura na kai wa nas. Ta ce in jefa a kwandon shara. Ban iya ba. Jikin ɗan Adam ne. Na tona ƙasan bishiyar da ke bayan ɗakin wanki na binne.

Laraba, 7 ga wata, bayan asuba

Dokar hana fita daga shida zuwa shida. Lauya ta ce gara haka, za ta samu lokacin karatu.

Juma'a, 9 ga wata, ƙarfe huɗu

Na dawo na tarar da ita kwance rub da ciki a tabarma, biro a baki. Ta nuna min shafi na sha huɗu. Ja ne kamar an yanka kaza a kai. Layi ashirin da uku, ta ce, a shafi ɗaya.

Ta karanta min: "'Da hantsi aka datse gadar. Aka tare motocin da suka fito daga tasha. Aka sauke fasinjoji, aka ware na tsallake gefe.' Umma, mutumin nan malamin jami'a ne fa, amma ko mutum ɗaya babu a littafinsa. Aljanu ne suka yi?"

Na ce ta tashi ta ɗora ruwa.

"Ke ma haka kike magana, kin sani?"

"Kamar yaya?"

"'Aka tare motar Babanki. Aka sauke su.' Tun ina ƙarama haka kike ba ni labarin."

Na ce, "Ai haka aka yi."

Ta tuntsire da dariya tana nuna ni da biro. "Kin ji ko! Miƙo bakinki in ja layi."

Na yi murmushi. Na shiga ɗaki na daɗe ina neman abin da ban ajiye ba.

Ina so in rubuta wannan don Allah ya zama shaida: ban taɓa yi mata ƙarya ba. Malaminmu na allo, Allah ya jiƙansa, ranar da na sauke ya ce min harshen da ya ɗauki Alƙur'ani ba a ɗora masa ƙarya. Na riƙe. Shekara goma sha bakwai duk abin da na gaya wa yarinyar nan gaskiya ne. An tare. An sauke. An kashe. Ina da cikinta wata shida. Wanne ne ƙarya a ciki?

Asabar, 10 ga wata, da hantsi

Shagon Yaya a jikin katangarmu yake. Na san ƙarar aikin ƙofa, na san ta taga. Kwana uku ke nan injin wasa ƙarfe ne kawai yake kuka. Na leƙa in kai masa shayi, na ga sifirin mota an yanyanka shi tsawon kamu guda guda, an jera a ƙasa. Maza biyar a zaune, ba wanda ya amsa sallamata.

Ya karɓi fulas ɗin ya ce, "Koma ciki, Auta."

Litinin, 12 ga wata

Zanen gado sittin da ɗaya daga ɗakin gaggawa. Biyu ƙanana ne, na gadon yara.

Talata, 13 ga wata, bayan asuba

Yaya ya fita kafin magariba jiya, sai yanzu ya shigo. Ya miƙo min rigarsa a dunƙule ta bayan labule. "Wanke min wannan kafin yarinyar nan ta tashi."

Na wanke. Na shanya a bayan ɗaki inda ba a gani. Na sake alwala, duk da ba ta karye ba.

Alhamis, 15 ga wata, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Muna cin abincin rana mu uku. Lauya ta ce ta gama littafin sau biyu, "wa?" ɗari uku da wani abu, ba amsa ko ɗaya. Ta ce tunda marubucin bai faɗa ba, ita za ta nemo. Tsofaffin direbobin tasha suna nan da ransu, wasu a gabansu aka yi. Za ta je da littafin rubutu ta tambaye su, shi ne zai zama shafi gomanta.

Yaya ya ajiye cokali. "Wane littafi ne wannan?"

Ashe duk kwanakin nan bai sani ba. Ya ɗauka na jirgin ƙasa ta zaɓa. Ta ɗauko masa da murnarta. Ya buɗe, ya ga ja, ya ga "wa?" "wa?" "wa?" har ƙasan shafi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ba inda za ki."

"Kawu, aikin makaranta ne fa."

"Na ce ba inda za ki. Gari yana ci da wuta, ke kina neman tone kabari?"

"Kabarin ubana ne. Ko shi ma sai na nemi izini?"

Marin ya kai ta har jikin randa. Randar ta faɗi ta fashe. Tunda aka haifi Lauya bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Shi ne yake goya ta a wuya zuwa makaranta, shi ya ƙera mata keken ƙarfe mai taya uku tana shekara biyar. Leɓenta ya tsage, jini yana zuba a kan ruwan randar. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta ce, "An mare ni. Wa?"

Ya naushi ƙofar kicin sai da katakon ya rabu biyu. Ya kwashi littafin ya yi shago da shi. Ta taga na ga ya danne shi a kan teburin ƙarfe ya kunna masa wutar walda. Ko minti ɗaya bai yi ba.

Ni ina tsaye da faranti a hannu. Na tsince fasassun randa don kada wani ya taka.

Juma'a, 16 ga wata, ƙarfe biyar

Na biya wurin mai littattafai daga aiki. An fasa masa gilashi, an watsa littattafan a titi, an taka. Yana tsugune yana tsincewa, goshinsa ɗaure da tsumma. Na taya shi. Duk wanda na ga da sunan Allah a ciki na ware shi na ɗora a sama. Ya samo min na jirgin ƙasa, sawun takalmi a bangonsa.

Ya ce, "Hajiya, yarinyar nan ba za ta bari ba." Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba, Allah ya yafe min. Ya ce, "Gara ta ji a ɗaki da ta ji a titi."

Na ce Allah ya kyauta.

Na kai mata. Leɓen ya kumbura, magana da gefen baki take yi. Ta buɗe ko'ina ta karanta: "'Aka shimfiɗa dogo mil ɗari biyu a shekara uku.' Wa? Ko nan ma sai da mutum dubu suka mutu, Umma. Ba inda za ki ɓoye ni." Sannan ta ɗaga katifa ta nuna min littafin rubutunta. Ta kwafe babin gada kaf tun makon jiya.

Na roƙe ta. Na ce don darajar nonon da ta sha ta bari sai gari ya lafa. Ta ce, "To ke gaya min. Kin san wani abu?"

Na ce, "An ce mutane da yawa ne a gadar."

Gaskiya ne. Mutane da yawa ne.

Lahadi, 18 ga wata

Kawu da 'ya ba sa magana. Ya sayo mata jan biro sabo ya ajiye a bakin ƙofarta. Yana nan inda ya ajiye shi.

Litinin, 19 ga wata, bayan asuba

Wata rigar. Na wanke.

Laraba, 21 ga wata, ƙarfe uku, a bencin bakin ɗakin mata

Ya Allah. Ya Allah.

Da safe na bar Lauya tana barci. Wajen sha ɗaya da rabi amalanke na huɗu ya sauko. Ina ware kaya, zanen gado gefe, kayan da aka yanke daga jikin mutane gefe. Na ɗago wani hijabi ruwan toka, ya jiƙe ya yi nauyi. Na juya bakinsa. Ɗinkin hannu ne da koren zare, don ranar da na kama mata shi baƙin zarena ya ƙare.

Ban san na zauna a ƙasa ba. Uwar Guga ce ta fizge hijabin daga hannuna, ta kama ni ta kafaɗa ta ce, "Tashi. Kayan matattu ba ta nan suke biyowa ba, kin fi kowa sani. Tashi ki hau sama." Ita ta tura ni a matakala, safar wanki tana hannuna har yanzu.

Tana da rai. Ɗinki goma sha ɗaya a ka. Hannun dama ya karye wuri biyu, da shi ta kare fuskarta. Haƙarƙari biyu. Idon hagu a rufe, likita ya ce sai kumburi ya sauka za a san halinsa. Wata mai sayar da ruwa a tasha ce ta kwanta a kanta tana ihu har suka bari, ita ma an fasa mata baki.

Tasha ta je. Da littafin rubutunta.

Na roƙe ta da nono, na roƙe ta da Allah. Abu ɗaya ne da na ba ta da ba ta je ba, shi ne ban ba ta ba.

Alhamis, 22 ga wata, bayan la'asar

Yaya ya zo lokacin ziyara. Da ya ga fuskarta sai da ya dafa ƙarfen gado. Ya durƙusa yana cewa, "Lauyata. Lauyata." Hawaye har gemu. Sannan muryarsa ta canza.

"Wa ya taɓa ki? Faɗa min suna. Ko kama. Mai tabo ne? Dogon nan mai jar hula?"

Ta dube shi da ido ɗaya. Ta ce, "An dake ni, Kawu."

"Na sani! Wa?"

"An dake ni."

Ta san abin da zai yi in ta faɗa, ta ga sifirin nan ita ma. Ya yi ta tambaya har nas ta zo ta ce ya rage murya ko ya fita. Ya harbi kujerar roba ta daki bango. Ya fita yana cewa ba sai an gaya masa ba, tashar duka guda nawa ce.

Da na ji kalmar nan a bakinta sai tsigar jikina ta tashi. Muryata ce sak.

Juma'a, 23 ga wata, ƙarfe biyu

Na roƙi Uwar Guga ta riƙe min aiki. Ta ce, "Je ki, zanen gado ba ya guduwa."

Ina ba Lauya shayi da cokali, sai ta kawar da kai. Maganarta a hankali take fita saboda haƙarƙarin.

"Umma, kafin su fara, wani tsohon direba ya tambaye ni 'yar gidan wa ce. Na faɗa. Sai ya ce wa sauran, 'Ku ji fa, 'yar gidan mai walda ce take tambayar wa.' Suka yi dariya. Dariyar ta fi dukan tsaya min."

Na ce ta sha shayinta kada ya huce.

"In na warke zan koma wurin tsohon nan."

"Za su kashe ki."

"To. Ke ba kya ƙarya, kowa ya sani. Ba zan ce ki ba ni labari ba, tambaya kawai zan yi. Kawu yana gadar ranar?"

Na ce yana nan.

"Ya ga wanda ya kashe Babana?"

Ga ƙofa a buɗe. In na ce "ya gani", ban yi ƙarya ba. Da ta ɗauka tsoro ne ya hana shi faɗa, da ta yafe masa marin, da mun koma gida mu uku. Da kuma ta koma tasha neman sunan. Na daɗe a bakin ƙofar nan. Matar gadon kusa tana tari, wani yana jan guga a baranda. Na dubi hannunta cikin farin siminti, yatsun sun kumbura sun yi baƙi, jan biro bai gama fita daga babban yatsan ba.

Na ce, "Shi ne."

Ba ta motsa ba.

Na ce mata da la'asar ya shigo ranar, ni na je gidan Inna, mahaifiyarmu, don ƙafafuna sun kumbura. Ya same ni a bakin famfo. Ya cire rigarsa ya miƙo min, yana rawar ɗari cikin zafin nan. Ya ce sun sauke mutanen motar, sai ga mijina a ciki, ya dawo daga kai wa mahaifiyarsa magani a tsallake. Mijina ya gan shi ya yi murna, ya ce, "Yaya, ni ne." Duk suka juyo suna kallon Yaya. Wani ya ce, "Ashe surukinka ne. To mu gani." Ƙarfe yana hannunsa. Shi ya fara. Sau biyu, ya ce min, sannan sauran suka ƙarasa.

"Ke kuma me kika yi?"

"Na wanke rigar."

"Sannan kika zauna a gidansa."

"Ina da cikinki. Dangin Babanki sun gudu. Inna ta rasu kafin arba'in ɗinki." Na tsaya, don na ji ina neman wanke kaina. Na ce, "E. Na zauna."

Ta juya fuska bango. Kafaɗunta suna rawa, kowane numfashi yana soka mata haƙarƙari, ba ta bari na taɓa ta ba. Na zauna da kofin a hannu har shayin ya yi sanyi.

Asabar, 24 ga wata

Ba ta yi min magana ba. Ta ci abinci daga hannun nas.

Lahadi, 25 ga wata, bayan la'asar

Yau ta ce in samo takarda da biro. Na aro wurin nas.

"Hannuna ba ya aiki. Ke za ki rubuta."

Na ce rubutuna na boko kamar tafiyar kaza yake. Ta ce Malama Wa ta saba da wanda ya fi shi muni.

Ta fara faɗa, ina rubutawa harafi harafi. Sunan littafin da ta zaɓa. Dalilin da ya sa ta zaɓe shi. Sannan ta ce, "Marubucin ya ce an sauke fasinjoji goma sha tara a gadar. Na samo wanda ya fara dukan ɗaya daga cikinsu. Saura goma sha takwas."

Na ɗago.

"Ba tasha zan koma ba, Umma, kwantar da hankalinki. Ban ma san ko zan ba Malama ba. Rubuta dai." Ta ja numfashi. "Kawuna ya kashe Babana. Ummata ta wanke rigar."

Na rubuta. Layi biyu sun ci min kusan minti goma. Ta karɓa da hagu ta duba, ta ce na manta ɗigo a ƙarshe. Na sa.

Da zan tafi ta ce gobe in zo mata da man shafawarta, da na jirgin ƙasan nan, ta gaji da kallon silin.

Litinin, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Kwana uku Yaya bai kwana gida ba. An ce an ƙone rumfunan tasha. A'a. Ban san su waye duka ba, amma na san ɗaya.

Ɗazu ya shigo ina zuba wa Lauya abinci a kwano. Gira a fashe, yana ɗingishi. Ya cire rigar a tsakar gida ya dunƙule ta ya miƙo.

"Auta, wanke min."

Na ce, "Na gaya mata."

"Kin gaya mata me?"

"Na ce kai ne."

Ya ɗaga hannu. Na ajiye kwanon don kada abincinta ya zube, na tsaya. Hannun ya daɗe a sama. Sannan ya juya ya daki bango da shi, sau uku, har fatar ta saluɓe. Ya zauna a bakin famfo yana huci kamar an shaƙe shi.

Can ya ce, "Me ta ce?"

Na ce ya je ya tambaye ta, gado na tara, ziyara ƙarfe huɗu.

Ya sake miƙo rigar, a hankali wannan karon, bai dube ni ba. Ban karɓa ba. Na shiga na ɗauko man shafawa da littafin, na ɗaure kwano a ɗankwali. Da na fito ya jawo baho, ya sauke butar da na dafa ruwan shayi, yana tuttula wa rigar. Ruwan zafi dafa jini yake yi a cikin zare, ba sabulun da zai sake fitar da shi. Na gani sarai, ban hana shi ba.

Zan fita yanzu, kada abincinta ya huce.